Yayana zai saki matarsa a kan jita-jita, alhali na san abin da yake yi a Legas

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana huɗu ke nan ina juya wata magana a raina har barci ya gagare ni, shi ya sa na kawo ta nan tunda ba wanda ya san gidanmu. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Auyo. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi ci-rani Legas tun bayan da ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa. Da farko yakan dawo da damina, amma yanzu wata goma sha shida ke nan bai tako garin ba. Matarsa na nan gidanmu da yara uku, ɗakinta na kallon na Inna.

Makon jiya magana ta tashi a gari, wai an ga wani ya fito daga lungun bayan gidanmu da tsakar dare, wai wajenta ya zo. Na bi diddigi, kowa na tambaya sai ya ce shi ma ji ya yi. Maganar ta kai kunnen Yaya. Ya kira ni yana huci, ya ce in nemo takarda da biro, zai faɗa min abin da zan rubuta in miƙa mata.

Ga abin da ya tsaya min a wuya. Bara na je wajensa na yi wata biyu ina taya shi dako a kasuwar Mile 12. Akwai wata mace da yake zaune da ita ba aure, ita ke masa girki, a ɗakin take kwana. Ni a rumfar wani ɗan garinmu nake kwana saboda ita. Ranar da na yi ƙarfin hali na yi masa magana, cewa ya yi in kama bakina, harkar bariki ce, a bariki take ƙarewa. Har yau ban faɗa wa kowa ba, ko Inna.

To in rubuta takardar? In tona masa asiri a gaban manya? Kuma don Allah masu ilimi ku gaya min, ta yaya nasa da na gani ya zama harkar bariki, nata da ba wanda ya gani ya zama abin kashe aure?

Abu_Sadiƙ_Ringim:
Wa alaikumus salam. Allah ya kyauta. Amma ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Gidaje nawa ne a garinku, me ya sa sai ita aka ambata? Ka yi bincike sosai kafin ka tsaya mata.

Maman_Walida:
Abu Sadiƙ, ji tsoron Allah. Me ya sa sai ita? Saboda ita ce mijinta ba ya nan, shi ke nan. Duk macen da mijinta ya yi nisa a ƙauye ta zama abin taunawa. In ta yi wanka ta sa lalle a ce don wa ta yi, in ta zauna da dauɗa a ce ƙazama ce shi ya sa ya ƙi dawowa. Ina za ta sa kanta?

Malam_Na_Tsangaya:
Ɗana, kada hannunka ya rubuta wannan takarda. Ba don saki haramun ne ba, a'a, yana hannun miji. Amma saki ne da aka gina a kan ƙazafi, kai kuma ka san ba hujja, to kada ka zama alƙalamin zalunci.

Allah Maɗaukaki ya riga ya yanke wannan a Suratun Nur. Aya ta 2 ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, hukunci guda, ba a rage wa namiji ko bulala ɗaya ba. Aya ta 4 ta ce wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, a yi masa bulala tamanin, kuma a daina karɓar shaidarsa. Shaidu huɗu ɗin ma ba waɗanda suka ga inuwa a lungu ba, waɗanda suka ga aikin ƙuru-ƙuru. Ayoyi na 11 zuwa gaba kuwa a kan ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha ne, Allah ya ƙara mata yarda. A aya ta 15 Allah ya zargi masu karɓar zance daga harshe zuwa harshe, suna faɗar abin da ba su da sani a kai, suna ɗaukarsa ƙaramin abu alhali babba ne a wurinsa. Wannan "an ce, an ce" ta garinku ita ce aka siffanta.

Batun bariki kuwa, babu wata ƙasa da Allah ya ɗauke mala'iku masu rubutu daga cikinta.

Hajiya_Ƴar_Kazaure:
Malam Allah ya saka da alheri. Da ma a masallacin Juma'a ake faɗar wannan yadda ka faɗa. Kullum wa'azin a kan shigar mata ne.

Direban_Tirela:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya taɓa zama irin yayanka. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar shanu daga Maigatari, mu yi lodi ranar Alhamis mu nufi kudu, Anacha, Fatakwal, wani lokaci Legas. A kan hanya akwai wuraren da muke yada zango, kuma wallahi a cikinmu wanda ba ya kula mata shi ake yi wa kallon baƙo. Ni ma na faɗa. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ai ina ciyar da gidana, ba su rasa komai ba, abin da ba su sani ba ba zai cuce su ba.

Ranar da na gane ƙarya nake wa kaina ita ce ranar da uwargidana ta dawo daga awo. Ta shigo ta aje katin asibiti a kan tabarma a gabana, ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ciwon sanyi ne, irin wanda ba a ɗauka sai ta hanya ɗaya, kuma ita ko ƙofar gida ba ta zuwa sai da izinina. Muka sha magani mu biyu, Allah ya taimaka ya tsaya a nan. Amma shekara shida ke nan, ba ta taɓa tayar min da maganar ba, kuma ba ta sake yi min irin dariyar da take yi min da ba. Ina cin tuwonta, tana gaishe ni da ladabi, amma na san abin da na fasa.

Abin da zan gaya maka game da yayanka: mai yi shi ya fi kowa zargi. Lokacin da nake cikin harkar, in na kira gida na ji wayarta a kashe sai zuciyata ta yi ta tafasa. Da ma'aunin kaina nake auna ta. Yayanka bai ji hujja ba, kansa ya gani a madubi.

Ummu_Hanan22:
Innalillahi. Direba Allah ya karɓi tubanka. Amma ka taɓa buɗe baki ka nemi yafiyarta kuwa?

Direban_Tirela:
Ban taɓa ba 'yar'uwa. Kunya ta hana.

Ummu_Hanan22:
To ka yi. Shirun nan nata ba yafiya ba ce.

Sarkin_Noma_Kura:
Ni dai a ganina ana ɗora wa maza laifi da yawa a nan. Ku da kuke magana kun san zaman ci-rani kuwa? Mutum ya bar garinsu don ba abin yi da rani, ya je ya kwana a ƙarƙashin gada ko a rumfar kasuwa. Legas sun hana acaɓa a manyan unguwanni tun 2022, da yawa suka koma dako da gadi. Daga 2023 da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya zama abin da ya zama, zuwa da dawowa sai ya cinye abin da ka tara a wata guda ko fiye. Mutum lafiyayye ya yi shekara ba iyali, ba dutse ba ne. Ban ce halal ba ne, amma a riƙa yin uzuri.

Maman_Walida:
Sarkin Noma, ita matar dutse ce? Wata goma sha shidan nan ita ma ta yi su, da yara uku da suruka a kanta. In uzuri ne a yi wa kowa, in babu a hana kowa.

Baba_Mai_Goro:
'Ya'yana ku saurara. Na haura saba'in, jikana ne ke rubuta min. Ba na goyon bayan ƙazafi, amma kada mu mai da mata mala'iku. Kwartanci ba yau aka fara shi ba, da ba a yi da ba a sa masa suna ba. Ina yaro a ƙasar Gumel an taɓa kama kwarto ya haura danga, mai gida ya tafi fatauci. Na ga takalminsa ɗaya da ya bari a bakin rumbu, da safe aka kai gaban dagaci. To akwai shi. Bambancin kawai, a da manya kan zauna a zaure su kashe wutar a tsakaninsu, yara ba su ji ba. Yanzu kafin liman ya ji, mutanen Legas sun ji.

Ɗan_Fadama:
Baba na gode. Ni ma ban rantse a kanta ba, Allah kaɗai ya san gaibu. Abin da na sani shi ne lungun nan hanya ce ta zuwa fadama. Yanzu lokacin ban-ruwa ne, mutane na wucewa da dare da injinsu da jarkar mai, ni kaina nakan bi ta nan ƙarfe biyu in layin ruwa ya zo kaina. Gida uku ne ke da ƙofar baya a lungun. Kuma ƙaramar 'yarta da Inna take kwana, babban ɗan kuwa a ɗakinta yake.

Bazawara_Mai_Haƙuri:
Ɗan Fadama, karanta nawa da kyau don ka ga inda takardar nan ke kai mace.

Aurena shekara tara, a wani ƙauye kusa da Sumaila. Mijina na sana'a a Abuja, wajen Dei-Dei. Wata rana ya dawo ya ɗauki wayata ya ga wata lamba ta kira sau uku. Lambar mai POS ce da nake karɓar kuɗin cefanen da shi da kansa yake turowa, yaron kan kira ya ce kuɗi sun shigo. Na yi bayani, na ce a kira shi a gabana. Ya ƙi. Ƙanwarsa ta ce ai dama an daɗe ana faɗa. Bayan la'asar ya ba ni takarda, saki uku a layi ɗaya.

Ina tuna ina naɗe katifa, ɗana na biyu ya riƙe min zani yana tambaya ko unguwa za mu. Ba a bar ni na tafi da ko ɗaya ba sai ta goye. Na koma gidanmu, mahaifina ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. In na je biki sai in ga mata suna janye 'ya'yansu mata daga kusa da ni. Shekara huɗu yanzu, duk wanda ya fito neman aurena sai an je an gaya masa. Daga baya shi mijin ya gane gaskiya, ya aiko a ba ni haƙuri, ya ce sharrin shaiɗan ne. To saki uku ne, ina amfanin haƙurin? Shi ya yi aurensa wata biyar bayan nan, ba wanda ya tambaye shi komai.

In an saki mace da sunan rashin jituwa, gobe za ta yi aure. In an sake ta da wannan suna, har 'ya'yanta mata sai sun gāji tabon.

Hajiya_Ƴar_Kazaure:
Allah ya bi miki haƙƙinki 'yata. Na yi hawaye.

Ɗalibin_Shari'a:
'Yar'uwa, ko a nan an zalunce ki sau biyu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yara bayan rabuwa haƙƙin uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma uban ne zai ci gaba da ciyarwa. In uwa ta yi aure, kakar yara ta wajen uwa ce ke biye. Al'ada ce ke ƙwace yara, ba shari'a ba.

Game da tambayar Ɗan Fadama ta ƙarshe, a rubuce dai doka ba ta bambanta ba. Ko dokar Penal Code ta Arewa, sashe na 387 na namiji ne, na 388 na mace, hukuncin iri ɗaya, ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tara ko duka. Wurin aiwatarwa ne ake samun karkata, saboda ciki a jikin mace yake fitowa, namiji kuwa ya musa ya wuce. Ku tuna shari'ar Amina Lawal a Katsina. Kotun Bakori ta yanke mata jifa a Maris 2002, wanda ta ambata ya rantse aka sallame shi. Sai a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta wanke ta, kuma da hujjojin fiƙihun Malikiyya aka wanke ta, har da mas'alar kwantaccen ciki. Haka Safiya Husaini a Sakkwato, an yanke mata a 2001, aka soke a 2002. Shari'a da kanta ta tsaurara hanyar tabbatar da zina don a kare mutuncin mutane. Mu a gari mun fi alƙali saurin yanke hukunci.

Abu_Sadiƙ_Ringim:
To Ɗalibi, in miji ya tabbata a ransa amma ba shi da shaidu huɗu fa? Ya zauna da ita haka nan yana ƙuna?

Malam_Na_Tsangaya:
An ba shi ƙofa, li'ani, aya ta 6 zuwa ta 9 a surar dai. Ya tsaya gaban alƙali ya rantse sau huɗu cewa shi mai gaskiya ne, a ta biyar ya kira la'anar Allah a kansa in ƙarya yake. Ita ma ta rantse sau huɗu cewa ƙarya yake, a ta biyar ta kira fushin Allah a kanta in gaskiya ya faɗa. Sai a raba su har abada. To ka tambayi kanka, mutumin da ke Legas, wanda ya ji a waya, zai iya wannan rantsuwa? In ba zai iya ba, ya rufe bakinsa.

Sannan Ɗan Fadama, akwai gyara a naka zancen, kada ka ji haushi. Ka ce ka gani da ido. Abin da ka gani shi ne keɓewa da kwana ɗaki ɗaya da wadda ba muharramarsa ba, kuma wannan saɓo ne babba, ba shakka. Amma kai ma in ka tsaya gaban jama'a ka kira shi mazinaci, hukuncin ƙazafi zai iya hawa kanka. Ma'aunin da ya kare ta shi ne ya kare shi. Lokacin da wani sahabi mai suna Ma'izu ya zo ya yi iƙirarin ya yi zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da kai, kuma ya gaya wa wanda ya tura shi cewa da ya rufe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Don haka ba shela za ka yi ba. Ka kira shi kai da shi, ka tuna masa Allah, ka tuna masa abin da ka sani.

Maman_Walida:
Malam da girmanka, a nan ban gamsu ba. Nata ƙaryar ta zaga gari har Legas, nasa gaskiyar kuma a lulluɓe da mayafi? Kullum rufin asirin nan namiji yake rufewa. In Ɗan Fadama ya yi shiru, ita za ta fita da tabo, shi ya dawo da sallah da sabuwar shadda ana masa sannu da zuwa.

Malam_Na_Tsangaya:
Maman Walida, maganarki na da nauyi, ban raina ta ba. Ban ce ya yi shiru a zalunce ta ba. In nasiha ba ta yi ba, ya halatta ya kai wa wanda zai iya hanawa, kamar kawunsu ko wanda ya tsaya a matsayin uba, gwargwadon abin da zai tsayar da cutar. Kai ƙara wurin mai iya gyara daban, baza labari a majalisa daban.

Nas_Ta_Karkara:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, don a wani ƙaramin asibiti nake aiki a Jigawa. Kowa na maganar mutunci, ba wanda ya ce komai game da jinin baiwar Allah nan. In yayanka ya dawo, ko sun shirya ko ba su shirya ba, ya kamata ya yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta kafin ya shiga ɗakinta. Ciwon hanta nau'in B mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba, ya ba matarsa, ita kuma ta ba jariri wajen haihuwa. A wajen awo muke gano yawancinsu, kuma abin da ke ci min rai, in muka ce ta zo da mijinta sai ya ƙi zuwa, wani ma ya ce ita ta san inda ta samo. Jihar Kano ta yi doka a 2024 ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, abu ne mai kyau. Amma wanda ya shekara goma da aure yana yawo, wa zai gwada shi? Labarin Direba ba baƙo ba ne a wajenmu.

Matashi_Ɗan_Gaya:
Maganin duk wannan a ƙara aure. Da yayan ya auri ta Legas ɗin da ba a kai nan ba. Allah ya halatta huɗu, mu muka tsaurara wa kanmu da lefe da kayan ɗaki.

Ummu_Hanan22:
Wanda ya kasa zuwa ganin ɗaya wata goma sha shida shi zai yi adalci tsakanin biyu? Ayar da ta halatta huɗu ita ce ta ce in kun ji tsoron rashin adalci to ɗaya. Kuma na san masu mata uku da ba su daina leƙe-leƙe ba. Wanda idonsa bai ƙoshi ba ko an cika masa gida ba zai ƙoshi ba.

Matashi_Ɗan_Gaya:
Duk da haka halal ta fi haram. Gwamnati ma ai ta gane, shi ya sa ake auren gata a Kano tun 2012 ta hannun Hisba.

Sarkin_Noma_Kura:
Ku bar batun auren gata, tsadar rayuwa ce tushen komai. Buhun taki nawa yanzu?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan magana. Bawan Allah shawara ya nema a kan gidansu. Batun taki da lefe a buɗe musu wani zaren.

Inna_Ta_Gwaram:
Ni uwar miji ce, 'ya'yana biyu na kudu, matansu na gabana. Tambayata ga Ɗan Fadama, ina Innarku a cikin wannan magana? Ita ke kwana gida ɗaya da yarinyar. In da wani abu, ita za ta fara sani kafin 'yan majalisa. Tsohuwa ba ta barci mai nauyi, ko akuya ce ta motsa sai ta ji. Ka zauna da ita ka tambaye ta tsakaninta da Allah. In ta wanke surukarta, ita ce za ta kira ɗanta, don akwai maganar da ƙane ba zai iya gaya wa wa ba amma uwa za ta faɗa a zauna lafiya.

Kuma ni na sa wa nawa doka, duk wanda ya wuce wata shida bai zo ba, zan sa matarsa a mota in aika masa ita, ya san inda zai aje ta. Ba a aure da waya.

Ɗalibin_Shari'a:
Inna kin yi daidai da magabata. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, daga nan ya sa wa mayaƙa iyaka, wasu ruwayoyin suka ce wata huɗu, wasu shida. Masu jihadi ke nan. A Malikiyya kuma matar da doguwar tafiyar miji ta cutar da ita tana da damar kai ƙara, alƙali ya aika masa ko ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata. Wato in ana bin ƙa'ida, ita ce ke da ƙara a kansa tun kafin wannan jita-jita.

Sai dai Ɗan Fadama ka sani, ƙin rubutawarka ba zai ɗaure masa baki ba. In ya furta ta waya ya auku. Don haka a yi sauri. In har ya kafe, a roƙe shi ya tsaya a ɗaya, ta yi idda a ɗakinta kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce, ƙofar kome na buɗe.

Abu_Sadiƙ_Ringim:
Na karanta na Bazawara Mai Haƙuri sau biyu. Na janye maganata ta farko, Allah ya yafe min. Amma har yanzu ina ganin a bincika wanda ya fara faɗa. Ka gaya wa yayanka zina bashi ce, abin da ya yi da 'yar wani shi ake biya a gidansa.

Maman_Walida:
Ka janye da hannun dama ka dawo da ita da hagu. In ka ce bashi ake biya a gidansa ai ka tabbatar ta yi ke nan. Ita ba kuɗin biyan bashin kowa ba ce.

Malam_Na_Tsangaya:
Gaskiyarta. Ana faɗar wannan don tsoratarwa, amma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. In za ka tsoratar da shi, ka bi hanyar da Annabi ya bi da saurayin da ya zo neman izinin zina. Bai zage shi ba, ya jawo shi kusa ya tambaye shi ko zai so a yi da mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar'uwarsa. Ita ma ta Legas ɗin 'yar wasu ce, ba wanda ya tuna da ita a zauren nan.

Baba_Mai_Goro:
Abin da ban ji an tambaya ba, ita yarinyar ta san ana wannan magana?

Ɗan_Fadama:
Ta sani Baba. Kwana uku ke nan ba ta fita ko ɗiban ruwa, yaran take aika. Jiya na shiga gaishe da Inna na same ta a bakin murhu tana tuƙa tuwo, ta ɗago ta ce min, "Ƙanina, kai ma ka yarda?" Na kasa ba ta amsa, na ce Allah ya bayyana gaskiya na fita.

Na bi shawarar Inna Ta Gwaram. Da daddare na zauna da Innarmu. Ta ce ita ke sa sakata a ƙofar baya da hannunta bayan isha'i, kuma makullin a ƙarƙashin matashinta yake kwana. Ta ce tun farko ta so kiran Yaya, kuka ne ke hana ta magana. Ban gaya mata na Legas ba, hawan jini gare ta.

Bayan nan na kira shi. Na ce Yaya ba zan rubuta ba. Ya fara faɗa, na bari ya gama, sannan na ce, "Yaya, ka tuna inda nake kwana bara, da dalilin da ya sa." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce ni yaro ne, ban san duniya ba, ya kashe. Bai furta komai ba dai, kuma har yanzu bai kira ta ba.

Bazawara_Mai_Haƙuri:
Ka koma ka ba ta amsar tambayarta. Ni a ranar da abin ya same ni, mutum ɗaya na nema a gidan da zai ce bai yarda ba.

Direban_Tirela:
Shirun da ya yi alama ce maganar ta shige shi. Kada ka sake kira yau, bar shi ya kwana da ita.

Maman_Walida:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, ita ma tana da haƙƙin sanin abin da ke Legas, ko don abin da Nas ta faɗa.

Inna_Ta_Gwaram:
Ba daga bakin ƙanen miji ba, 'yata. Wannan sai ya rusa gidan gaba ɗaya.

Ɗan_Fadama:
Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin Kawu, ƙanen mahaifinmu, shi ya karɓa wa Yaya auren. Yana Haɗejiya, sai na gama ban-ruwa da safe zan hau mota. Malam, in na je, in faɗa masa na Legas duka, ko in tsaya a kan cewa a tilasta masa ya dawo gida a yi maganar ido da ido?